Yaranmu da Waya: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Suke Yawan Yi a Zariya

Waɗannan su ne tambayoyin da ke ta dawowa duk lokacin da maganar yara da waya ta taso, a taron iyaye da malamai ne, ko a ofishin shugaban Islamiyya, ko a tsakar gida ranar suna, daga cikin Birni har Samaru. An fara da masu sauƙi. Wanda ake yi wa ɗansa ko 'yarsa barazana da hoto a yanzu, ya wuce kai tsaye zuwa tambaya ta 10 da ta 11.

1. Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a saya masa waya?

Ƙaramar waya mai madannai, ta kira da saƙo, ba laifi a ba ɗan firamaren da ke hawa Keke Napep shi kaɗai zuwa makaranta. Babbar waya mai intanet ita ce abin magana. Facebook da Instagram da TikTok duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma wannan adadi ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan ƙananan yara ba da izinin iyaye ba. Ba hankalin yaro aka auna ba. Ostireliya ma ta ɗaga nata zuwa 16 tun Disambar 2025.

A ganina, babbar waya ta kansa ta jira sai ya gama ƙaramar sakandare, kuma ya zama ya daɗe yana amfani da taku a gabanku. Ba wanda ke aiken yaro kasuwar Sabon Gari shi kaɗai a ranar farko. Ana tafiya da shi ya ga yadda ake tsallaka titi da yadda ake amsa wa mai daɗin baki, sannan wata rana a ba shi kuɗin cefane ya tafi. Ku dubi halinsa fiye da shekarunsa: yana faɗin gaskiya idan ya yi ɓarna? Yana ajiye abu idan an ce ya isa?

2. Yarana ba su da waya, tawa suke ɗauka su yi kallo. Akwai abin damuwa?

Akwai, domin wayarki ta babba ce. Ga manhajar banki, ga guruf na matan aure, ga bidiyon gawarwaki da haɗarin mota da mutane ke turowa ba tunani, WhatsApp kuma yana sauke su cikin ma'ajiyar hotuna da kansa idan ba a hana shi ba. Ki shiga saiti ki kashe wannan saukarwar, ki sa wa manhajar banki makullinta daban, ki sauke musu YouTube Kids maimakon na manya. Shi ma ba a rasa tsakuwa a cikinsa, amma da sauƙi.

Ga ƙanana sosai, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da jariri da ɗan shekara ɗaya gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ki kuma tuna cewa yaron da ba shi da waya yana kallon ta yayansa da ta ɗan maƙwabta, don haka hirar da ke tambaya ta 4 ta shafe shi.

3. Ni ban iya waya ba, ɗana ne ma yake saita mini. Ta yaya zan koya masa abin da ya fi ni sani?

Abin da ya fi ki sani shi ne inda ake latsawa. Ke kuwa kin san mutane. Kin san mai yawan kyauta ba dalili akwai abin da yake nema, kin san maganar da aka ce "kada ki faɗa wa kowa" ba ta cika zama alheri ba. Kusan duk haɗarin da ke intanet akwai mutum a bayansa, kuma da dabarun da kika sani tun kina budurwa yake aiki. Ki ce, "Zo ka nuna mini TikTok ɗin nan, wa kake kallo a ciki?" Yara suna son a tambaye su abin da suka iya, kuma garin nunawar za ki ga waɗanda yake bi da masu yi masa magana. Aikin saiti kuwa, a nemi ƙanwarki ko babban yayansu ya yi a gaban yaron.

4. To me zan fara koya masa?

Abu na farko, wanda in aka rasa shi sauran ba za su yi amfani ba: "Duk abin da ka gani ko aka ce maka a waya da ya tayar maka da hankali, ka zo ka faɗa mini. Ba zan doke ka ba, ba zan ƙwace wayar don ka faɗa ba." Sannan ku cika alƙawarin ranar da ya zo. Mun taso a gidajen da yaro ke jin nauyin uba har ba ya haɗa ido da shi, ɗan fari ma uwa ba ta kiran sunansa, kuma akwai kyau a wannan tarbiyya. Amma mugun da ke bayan waya da wannan kunyar yake samun yadda yake so. Ya san yarinya za ta gwammace ta yi ta bin umarninsa da a ce Baba ya ji. Idan alkunya ta hana ku yin maganar da kanku, ku wakilta wani, goggo ko inna ko kawu, ku gaya wa yaron ƙarara cewa wurin wance zai je, kuma ba za a tona shi a gaban 'yan'uwansa ba.

Sai ƙananan dokoki gwargwadon shekaru. Ɗan firamare ya san ba a faɗa wa baƙo cikakken suna, ko unguwa, ko lokacin tashi daga Islamiyya, kuma hoto da kayan makaranta ya riga ya faɗi inda za a same shi. Ya san wanda ya ce shi yaro ne a cikin gem, wataƙila ƙato ne da gemunsa. Ɗan sakandare a ƙara masa da cewa hoton da ya bar wayarsa ya fita daga hannunsa ke nan, ko da na "kallo sau ɗaya" ne, don ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Lambar sirri ba a ba kowa, har aminin da ake ci kwano ɗaya da shi.

Kada a mayar da abin wa'azin awa guda. A riƙa jefa maganar wurin cin tuwo, ko idan labarin wani ya fito a rediyo: "Da kai ne, ya za ka yi?" Amsarsa za ta nuna muku inda ya tsaya.

5. Wane saiti zan yi wa wayar kafin in miƙa masa?

Idan Android ce, kamar su Tecno da Infinix da itel, akwai manhajar Google ta kyauta mai suna Family Link. Ana haɗa wayar yaro da ta uwa ko uba, a ƙayyade awannin amfani, a sa ta kulle da dare, kuma ba zai sauke sabuwar manhaja daga Play Store ba sai kun amince. A iPhone irin wannan yana sashen Screen Time, TikTok kuma yana da nasa mai suna Family Pairing. A WhatsApp a saita hoton fuska da sitatus su zama sai waɗanda aka adana lambarsu, haka ma masu ikon jefa yaron cikin guruf, sannan a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a buɗe shafin a wata waya (dalilin yana tambaya ta 13).

Yawancin kariyar tana rataye ne a kan shekarar haihuwar da aka rubuta ranar buɗe shafi. TikTok yana rufe shafin ɗan 13 zuwa 15 daga idon baƙi, kuma ba ya barin wanda bai kai 16 ba ya yi saƙon sirri. Amma idan mai shagon da ya buɗe wa yaron imel ya rubuta masa shekara 25 don a wuce wurin, duk wannan ya tashi a banza. Ku fara duba nan. Kuma kada saiti ya sa ku saki jiki, domin abin da aka turo ta Xender ko aka zuba a memori ba ya bi ta kansa.

6. Ya halatta in riƙa bincika wayar 'yata, ko hakan ya zama leƙen asiri?

Masu wannan tambaya sukan tuna ayar da ta hana bin diddigin juna, ga kuma hadisin da ya ce kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Hukunci na malamai ne. Ta fuskar tarbiyya dai, dubawa a fili ta fi ta ɓoye amfani nesa ba kusa ba. Tun ranar ba da waya a yi sharaɗi: na san lambar buɗewa, kuma lokaci-lokaci za mu zauna mu duba tare. Yarinyar da ta san haka ta samu abin kare kanta, tana iya ce wa mai damunta, "Mamata tana duba wayata."

Wadda aka ɗauke wa waya tana barci aka karance hirarta da ƙawaye, ranar da ta gane za ta koyi gogewa ne, wata ma ta samo waya ta biyu ta ajiye gidan ƙawa. Tana girma ana sassautawa. 'Yar shekara 12 ba ɗaya take da 'yar 17 ba, wadda baɗi war haka tana iya zama a ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru ko Kongo ba mai duba ta. Sai fa idan alamomin da ke tambaya ta 9 sun bayyana. A nan kam a duba, a kuma gaya mata dalili.

7. Awa nawa ya kamata ya yi a waya a rana?

Ga wanda ya wuce shekara biyar, ku auna da abin da wayar ta ture: barci, sallah a kan lokaci, aikin gida, hadda, wasa a waje. In waɗannan suna nan daram, awannin ba su ne matsala ba. Inda na fi tsayawa shi ne dare. Kamfanoni suna sayar da data mai arha ta tsakar dare, yara sun fi kowa sani, kuma hirar da ake da-na-sani a kanta galibi a lokacin ake yin ta, cikin bargo. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Doka mafi sauƙi ita ce wayoyin yara su kwana a ɗakin Umma ko na Baba daga bayan isha'i. In Baba ma yana ajiye tasa lokacin cin abinci, dokar ta fi saurin zama.

Idan yaro ya kai ga gudun makaranta saboda gem, ko satar kuɗin data, kuma aka ɗauki watanni a haka, abin ya wuce taurin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019. A ga likita a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.

8. Na tarar da hotunan batsa a wayar ɗana. Me zan yi?

Kada ka yi komai a wannan daren. Fushi zai sa ka ɗauki bulala ko ka fasa wayar, shi kuma ya ƙara ƙwarewa a ɓoyo. Da safe, ku biyu kaɗai, ka tambaye shi daga ina suka zo. Sau da yawa ba nema ya yi ba: wani ne ya jefa a guruf na aji, ko sun biyo finafinan da aka zuba masa a shagon masu turi. Haka 'yan mata suke cin karo da littattafan batsa na Hausa da ake rabawa shafi-shafi a WhatsApp da Telegram, iyaye na ganin karatu ake yi.

In ka gano wani babba ne yake turo masa, kada a goge komai, wannan laifi ne da ake kai wa hukuma (tambaya ta 9 da ta 11). In ba haka ba, ku goge tare, ya fita daga guruf ɗin, waya ta daina kwana a ɗakinsa. Ka kuma faɗa masa gaskiya: sha'awa halitta ce, ba a kansa aka fara ba, amma abin da ke cikin bidiyon nan sana'a ce ta masu neman kuɗi, ba haka zaman aure yake ba.

9. Ta yaya zan gane wani babba yana janye hankalin 'yata ta waya?

Da kirki suke farawa. Gaisuwa, yabon hoto, tambayar karatu, wani har da saƙon barka da Juma'a. Sai katin waya, sai data, sai 'yan kuɗi ta POS. Sai ya zama shi ne mai jin kukanta idan an yi mata faɗa a gida: "Ni kaɗai na fahimce ki." Daga nan a koma saƙon sirri, a ce ta riƙa gogewa, a fara neman hoto, na farko ma da hijabinta. Abin yana iya ɗaukar watanni. Kuma ba kullum ne baƙo daga nesa ba. Yana iya zama maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko wanda ya tsinci lambar a guruf. Yara maza ma ana yi musu, su kuma faɗar ta fi yi musu nauyi.

Ku lura da data ko kuɗi ko sabuwar wayar da ba ku san tushensu ba, da kife waya da zarar an shigo, da tashi tsakar dare, da firgita idan saƙo ya shigo. Ɗaya kaɗai ba hujja ba ce, balaga ma tana kawo wasu. Idan sun taru, a zauna da ita cikin natsuwa, a fara da "Wani yana damunki?" maimakon "Me kika aikata?" Wayar da saurayi ya saya wa yarinya tun ba a san shi a gida ba kuwa, a mayar masa da abarsa.

10. Wani yana barazanar yaɗa hoton tsiraicin ɗana ko 'yata idan ba a ba shi kuɗi ba. Me za mu yi yanzu?

Da farko ku riƙe yaron. Ku gaya masa da bakinku cewa zaluntarsa aka yi, kuna tare da shi, kuma abin zai wuce. Kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan. A 2022 wani ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan irin wannan barazana. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas da ke da hannu a ciki aka miƙa su Amurka, kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya masu wannan mugun aiki. Yara maza da hoton kyakkyawar budurwa ake zuwa musu, a yi hira, a fara turo musu hoto, a nemi nasu. Da sun tura sai magana ta canza.

Kada ku biya. Wanda aka biya sau ɗaya ya gane akwai kuɗi kuma akwai tsoro, zai dawo. Kada ku tsaya roƙo ko ja-in-ja. Kafin a toshe shi, a ɗauki hoton hirar duka, da sunan shafinsa, da lambar wayarsa, da lambar asusun da ya turo, domin asusu yana da BVN ko NIN a bayansa kuma ta nan ake bin sawu. Hoton tsiraicin kansa kada a tura wa kowa, ko da dangi ne. Sai a kai rahoton shafin a cikin manhajar, a toshe shi, a rufe shafukan yaron daga idon baƙi, a canza kalmar sirri. Akwai shafi na kyauta mai suna Take It Down, na NCMEC, wata cibiyar kare yara ta Amurka, don hotunan waɗanda ba su kai 18 ba. Hoton ba ya barin wayarku. Wata lamba ta musamman ake ciro masa, wadda su Facebook da Instagram da TikTok suke amfani da ita su gano shi su cire in an ɗora. Ba ya shiga saƙonnin WhatsApp, amma yana rage yaɗuwa a fili.

Ba za a rasa mai cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari ba. Kada ku bari a faɗi wannan a kunnen yaron. Yaro ne, da gangan aka ɗana masa tarko, maganar kuskurensa tana da ranarta bayan hankali ya kwanta. Kuma yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗaukar hoton yarinya da cikakkiyar shigarta a mayar da shi na tsiraici, don haka ganin hoto ba ya nuna ta taɓa ɗaukarsa.

11. Ina ake kai ƙara, kuma akwai dokar da ke hukunta wannan?

Akwai. Sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta ɗauka da yaɗawa da ajiye hotunan batsa na wanda bai kai shekara 18 ba, da yaudarar yaro ta intanet don lalata da shi. Ɗauka ko yaɗawa na iya jawo ɗaurin shekara 10. Samarin da ke tura wa abokai hoton 'yar ajinsu da sunan wasa, ya kamata su ji wannan. Jihar Kaduna ma tana da dokarta ta kare yara ta 2018.

A fara da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a tafi da hujjojin da ke tambaya ta 10, babba ya yi bayani, kada a sa yaro maimaita labarin a gaban jama'a. 'Yan sanda suna da cibiyar laifukan intanet a Abuja, hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP tana karɓar ƙorafin cin zarafin yara, damfarar kuɗi kuma ta EFCC ce. Idan har an taɓa jikin yaron, a garzaya asibiti, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan don irin wannan. Na san iyalai da yawa sun fi son a sasanta a zaure saboda sunan gida. Sai dai wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai nema.

12. 'Yan ajinsu suna yi wa ɗana ba'a a guruf, har ya ce ba zai koma makaranta ba. Ba wasan yara ba ne?

Tsokanar da muka sani a da tana ƙarewa ne idan an tashi. Wannan tana bin yaro har kan katifarsa, a rubuce, kowa yana sake karantawa. Kada a ce masa ya rama, ko namiji ba ya kuka. A adana saƙonnin, a kai wa shugaban makaranta, a nemi ya kira iyayen waɗancan. Idan ya daina cin abinci ko ya fara cewa gara ya mutu, a ga likita a ranar. Wata rana kuma naku ne mai yi. In aka kawo muku ƙara, ku karanta abin da ya rubuta kafin ku kare shi, sannan ya goge, ya je ya ba da haƙuri ido da ido.

13. Wace irin damfara ce ta fi kama matasa?

Akwai ta lambobi shida. Wani zai kira ya ce daga guruf na makaranta yake, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba ka karanto masa. Lambar rajistar WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa ya ƙwace shafin, ya shiga roƙon dangi da sunanka. Maganinta tabbatarwa mai mataki biyu, da dokar cewa lambar da ta shigo ta saƙo ba a karanta wa kowa. Sai saƙon "tallafin gwamnati" da ke neman BVN da lambar katin ATM. Sai masu cewa za su ƙara makin JAMB ko su ba da amsoshin WAEC da NECO. Sai "zuba dubu goma ka kwashi ashirin": MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma za a dawo da wani sunan.

Biyu sun fi ba ni tsoro, saboda yaro ba ya jin an cuce shi. Ɗaya cacar ƙwallo, wadda a da sai an shiga shago, yanzu tana cikin aljihu. Sai ɗan 18 aka yarje wa, amma yaro yana yi da shafin yayansa. Ɗayar kuma aron asusu. Wani zai ce a ba shi lambar asusu kuɗi za su shigo, a cire masa a POS a ɗauki kaso. Suna iya zama kuɗin sata ko na fansa, ranar da aka biyo sawu kuma sunan mai asusun za a gani. Haka layin waya: wanda ke hannun yaronku galibi da NIN ɗinku aka yi masa rajista, duk abin da aka aikata da shi ƙofarku za a ƙwanƙwasa.

14. Ta yaya zan koya musu bambance labarin gaskiya da na ƙarya?

Su saba da tambaya kafin su tura: wa ya faɗa, yaushe aka ɗauka, wata sananniyar kafa ta kawo shi? A jiharmu mun san abin da jita-jita kan addini ko ƙabila take haddasawa, kuma bidiyon da aka ce "yanzu-yanzu a Kaduna" yakan zama tsoho, ko na wata ƙasa. Ku nuna musu yadda ake sa hoto a Google Lens a ga inda ya taɓa fitowa. Aya ta 6 a Suratul Hujurati, da ta ce a bincika idan fasiƙi ya zo da labari, da yawansu sun haddace ta. Saura a nuna musu ta shafi abin da suke turawa. Kuma su ga ku ma kuna yi, don a guruf na dangi ba yara ne suka fi turo irin waɗannan ba.

15. Ni malami ne. Me makaranta ko Islamiyya za ta iya yi alhali ba mu da kwamfuta?

Ba sai da kwamfuta ba. Minti 15 a mako ya isa: a kawo labari ba suna, "wata yarinya ce wani ya turo mata kati ya ce kada ta faɗa", a bar ɗalibai su yi muhawara kan abin da ya kamata ta yi. Maganar da ta shafi tsiraici a raba maza da mata, malama ta ɗauki 'yan mata. A ware malami ɗaya da malama ɗaya da kowane ɗalibi ya san zai iya samunsu a asirce.

Makaranta ta kafa wa malamanta doka: ba hirar sirri da ɗaliba ko ɗalibi a waya, saƙo ya bi ta guruf ko ta lambar iyaye. Wannan yana kare yara, yana kuma kare mutuncin malamin kirki. Hotunan walimar sauka kada a ɗora su da cikakken suna da aji sai da izini. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora amincewa a madadin yaro a hannun iyayensa. A sa malaman tsangaya cikin maganar, domin akwai almajirai masu waya, iyayensu kuma suna nesa.

16. Wayar 'yata ta lalace za a kai gyara, wata kuma za mu sayar. Akwai abin kiyayewa?

Akwai. Wasu hotunan da suka fita duniya daga wayar da aka bari wurin gyara ko wurin caji suka fita. Masu gyara a PZ da sauran wurare halalinsu suke nema, amma waya takan bi ta hannu da yawa a shago. A cire layi da memori kafin a miƙa. Idan gilashi ne ko bakin caji, ba lallai sai an ba da lambar buɗewa ba, a buɗe da hannunku a gwada a gabanku. Babba ya kai, ko ya raka ta.

Wadda za a sayar, a kwashe hotunan, a fita daga WhatsApp da manhajar banki, a cire asusun Google, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Gogewa ɗaya-ɗaya ba ta isa ba, don hotuna suna zama a kwandon sharar wayar na kwanaki. Idan sace ta aka yi, a sa kamfani ya rufe layin nan take, a sanar da banki, domin da layin kaɗai ɓarawo yana iya taɓa asusu. Daga nan wanda ya yi rajistar ya je ofishin kamfanin da NIN ɗinsa ya karɓi sabon layi mai tsohuwar lambar, a sake buɗe WhatsApp da shi, hakan zai fitar da shafin daga wayar da aka sace.